Motar da Za Ta Kai Orest

"Saki makullin, yarinya! So kike ki kashe min batir?"

Glenda ta saki. Muryar Orest ce ke fitowa daga wayar da ta jingina a gaban sitiyari, a shaƙe, da ƙyar, amma faɗan na nan yadda ta san shi. Shekararta hamsin da takwas, jikokinta uku, har yau a bakinsa yarinya ce.

"Jira ta huta. To, yanzu. Kar ki taɓa totur."

Ta sake murɗawa. Injin ya juya da nauyi, ya yi tari, ya kama. Tsohuwar a-kori-kurar ta hau karkarwa har madubin gefe yana rawa, silo, wato bugun injin a tsaye, ya yi sama, ya dawo ƙasa, ya sake yin sama. Bai cika minti ɗaya ba ya mutu.

"Wane irin hayaƙi ta yi?"

"Fari."

"Fari fat, ko da shuɗi-shuɗi?"

"Orest, sanyi ya kai talatin ƙasa da sifili. Ni kaina farin hayaƙi nake fitarwa."

Ta ji dariyarsa, dariyar ta koma tari, sannan muryar matarsa Stefa ta shigo daga nesa: "Ki shigo ki sha shayi, kafin tsohon nan ya kashe ki ki riga shi."

Tun watan Disamba da asibiti suka sallamo shi aka sauko da gadonsa falo, jikin tagar da ke kallon tsakar gida. Ciwon daji ne a huhu, likita bai ɓoye musu komai ba. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa daga gari sau biyu a mako, ta duba tukunyar iskar da yake shaƙa, ta yi ƙasa da murya a bakin ƙofa. Orest Bilyk, mutumin da duk faɗin yankin ba tarakta ko injin girbin da bai taɓa kwanciya a ƙarƙashinsa ba, ya koma ɗan tsurut a cikin bargo, sai manyan hannuwan nan nasa da suka ƙi ramewa.

Glenda ta cire takalma ta zauna kusa da shi. Gonarta ce ke maƙwabtaka da tasu, kilomita ɗaya da rabi. Shekara goma sha tara da suka wuce mijinta Arni ya faɗi ya mutu ana tsakiyar haihuwar shanu, kowa ya ce ta sayar ta koma gari. Orest bai ce ta sayar ba, bai ce kar ta sayar ba. Kullum da safe dai sai ga shi a tsakar gidanta. Abin haushin, ko sau ɗaya bai taɓa karɓar sifana daga hannunta ba. Tsayuwa yake yi, hannu a aljihu, yana cewa kunce wancan, shinshina wannan, me kika ji? Ta sha yin kuka don takaici, ta sha zaginsa a zuci. Da shekara ta zagayo ba abin da ke gonar da ba ta iya tayarwa da hannunta, kuma ba ta sayar ba.

Shi ya sa ranar Asabar da ya kira ta ya faɗi buƙatarsa, ba ta tsaya tunani ba.

"Ubana a keken dawakinsa aka kai shi maƙabarta," in ji shi. "Ni kuma Myron yana maganar wata doguwar baƙar mota wadda ko direbanta ban sani ba. Ga tawa can. Shekara talatin da huɗu tana kai ni duk inda za ni, saura kilomita goma sha ɗaya ne za a ce ta gaza? Ke za ki tuƙa."

"Ina ka ga saurin?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Je ki tada ta mu ji."

Myron shi ne ɗansu ɗaya, yana aiki a birnin Winnipeg. Motar kuwa tun Oktoba take tsaye a gefen rumfa, ƙanƙara ta rufe ta har bonet. Yau Lahadi, kwana na biyu ke nan tana ba Glenda kunya.

"Ki ja ta da tarakta ki kai rumfa," in ji Orest, idonsa a rufe. "Ki kunna hita. Ki fara da matatar mai. Kullum da mai arha ake farawa."

Washegari ta kunce matatar, ta juya ta a cikin wani tsohon kwano. Maimakon mai ya zubo, sai wani abu ya sulalo a daskare, fari-fari, kamar man shanun da ya kwana a firji. Ta ɗauki kwanon ta tsallaka tsakar gida, ta kai masa har gado.

Ya duba, ya kau da kai wajen taga.

Stefa tana ƙofar kicin da garin fulawa har gwiwar hannu, tana naɗa ƙulli da dankali da cuku. Ta leƙo cikin kwanon.

"Wannan ba man dizal na lokacin zafi ba ne?"



"Orest Bilyk! Kai ne ka bar man zafi a tanki har Janairu? Kai da ke tsayawa a ƙofar coci kana yi wa maza wa'azin su canza mai kafin sanyi ya shigo?"

"Lokacin girbi na cika ta," ya ce a hankali. "Na ɗauka zan ƙone shi kafin Nuwamba."

Dukansu sun san abin da ya faru a Oktoba, ranar da aka tsince shi a zaune a gindin rumbu ya kasa tashi. Stefa ta koma kicin, aka ji tana buga ƙullin da ƙarfin da ya fi wanda ƙulli ke bukata.

"Kar ki faɗa wa kowa," in ji Orest.

"Gobe zan sa a rediyo."

Ta tsiyaye tankin tas, ta zuba man sanyi daga nata tankin ajiya, ta sa sabuwar matata. Motar ta tashi, ta yi ruri mai daɗi, Glenda ta koma gida da murna tana waƙa a hanya. Talata da safe ta dawo, ta murɗa makulli, sai ga tsohon ciwon ya dawo: juyi mai tsawo, karkarwa, farin hayaƙi, mutuwa. Ta kifa goshinta a kan sitiyari. Tsoro ne ya kama ta, don da ta leƙa shi da safen nan ta ga hancinsa ya ƙara tsini, kuma shayin da Stefa ta ajiye masa ko kurɓa bai yi ba.

"Myron ya ce zai turo a ɗauke ta a kai gareji," ta ce da ta shiga. "Wataƙila famfon mai ne. A sa sabo kawai a huta."

Orest ya buɗe ido ɗaya.

"Shekara goma sha tara, ashe da bango nake magana." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ba a sayen komai sai ido ya ga mai laifi. Jiya da zafi ta yi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ta kwana ta lalace. Me ke shiga inji in ya kwana?"

"Iska," ta ce.

"Ashe kin sani." Ya ɗaga yatsa ya nuna kan kabad. "Stefa, miƙo mata tiyon can na cikin leda."

Tiyon iskarsa ne, siriri, garau kamar gilashi, wanda ma'aikaciyar jinya ta bari ko da na hancinsa zai lalace.

"Ba ka da hankali," in ji Stefa. "Na numfashinka ne!"

"Hanci nawa gare ni? Ɗaya ya ishe ni. Ba ta."

Stefa ta miƙa, tana ƙunƙuni da harshen iyayenta. Glenda ta yanki kamu ɗaya, ta cire baƙin tiyon da ke mayar da rarar mai tanki, ta maƙala wannan a gurbinsa. Da injin ya kama sai ta haska fitila. Ga mai yana wucewa, a cikinsa kuma ga kumfa ƙanana a jere, bi da bi, kamar ƙwan kifi.

"Na gan su!" ta yi ihu a waya. "Orest, ga su nan, ba iyaka!"

"Gani ya kori ji," in ji shi. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da ta manna wayar a kunne. "Saura ta ina suke shiga. Goge kan nozul ɗin nan takwas masu fesa mai, su bushe ƙayau. Ki karɓo fulawa wajen Stefa."

"Fulawa?"

"Ki barbaɗa. Inda iska ke shiga da dare, mai na tsattsafowa da rana. Fulawa ba ta ƙarya."

Stefa da kanta ta kawo, cikin kofin awo, sanye da ƙaton kwat ɗin mijinta. Ta tsaya a bakin rumfa tana kallo.

"Shekara hamsin da shida ina neman inda fulawata ke tafiya," ta ce.

Glenda ta barbaɗa har injin ya yi fari, ta tada shi, suka zuba ido su biyu. Minti biyu, uku, ba komai. Can a baya, ƙarƙashin wayoyi, inda hannu ba ya kaiwa sai an kwanta a kan injin, fulawar da ke gindin nozul na bakwai ta fara yin duhu, duhun yana faɗaɗa a hankali. Ta zare hular da ke kansa. Zoben robar da ke ciki ya bushe, ya baje, ya tsage a gefe ɗaya. Duk abin bai fi zoben yatsa girma ba.

"Duba kan kanta na uku a rumfa," in ji Orest, "gwangwanin kofi mai jan murfi. Akwai sababbi. Ki canza duka takwas ɗin."

"Ɗaya ne ya tsage."

"Sa'o'in juna ne. In ɗaya ya tafi, sauran suna hanya."

Sai bayan azahar ta gama. Yatsunta sun daskare sun farfashe, bayanta kamar zai ɓalle. Ta mayar da baƙin tiyo, ta tada motar, ta fito da ita daga rumfa, ta kawo ta daidai gindin tagar falo ta tsayar. Silo ya zauna daram, ba hawa ba sauka. Stefa ta ɗaga tagar kamu ɗaya, sanyi ya kwararo ɗakin, ba wanda ya damu.

Orest ya saurara, ido a rufe, leɓensa yana ɗan motsi kamar mai ƙirga. Ya daɗe. Glenda ta kashe ta shigo ta tsaya a kansa, tana jiran yabo kamar 'yar makaranta.

"Da zafi kowace akwala amarya ce," ya ce. "Ki jona mata wayar ɗumama inji, wannan hankali ne. Amma makulli, kar ki taɓa. Kwana uku."

"Kwana uku?"

"In kina tada ta kullum za ta riƙa yi miki ƙarya. Bar ta ta kwana uku. In ta tashi, kin gyara. In ba ta tashi ba, kin yi wasa da fulawa."

"Orest, kwana uku fa..."

"Sauri nake yi?"

Ta zauna a bakin gadon. Ta daɗe tana ɗauke da maganar, ta san in ba ta sauke ta yau ba, ba za ta samu wata ranar ba.

"Ba don kai ba da na sayar da gonar nan. Da yarana sun tashi a ɗakin haya a gari. Ban taɓa ce maka na gode ba."

"Ni me na yi? Tsayuwa na yi, hannu a aljihu."

"To, na gode da tsayuwar."

Ya laluba ya kamo hannunta, baƙi ƙirin da mai, ya kai hancinsa, ya ture tiyon gefe, ya shaƙa.

"Wata uku ban ji shi ba," ya ce.

Laraba da hantsi ya cika. Stefa ta je kicin ɗauraye kofi, ta dawo ta tarar ya juya fuskarsa wajen taga, ya yi shiru. Ta zauna da shi rabin awa kafin ta kira kowa. Da Glenda ta iso, Stefa ta riga ta tsayar da agogon bango, ta rufe madubi da zane, yadda uwarta ta yi wa ubanta. Aka sa jana'iza ranar Juma'a, kwana na uku, kamar yadda suka gada. Maza huɗu suka tafi maƙabarta da ciyawa da itace, suka hura wuta a kan ƙasar don ta saki a samu haƙawa.

Myron ya iso ranar Alhamis, idanunsa jajur. Mutumin kirki ne, kuma maganar da ya zo da ita ba ta wauta ba ce. Ya tari Glenda a baranda.

"Mama ta gaya min komai. Na yarda, a kai shi a motarsa. Amma don Allah ki tada ta yau, ki sake tada ta da yamma, gobe da asuba ki ƙara. Mutum ɗari za su tsaya a tsakar gidan nan. In ta ƙi tashi da shi a bayanta fa?"

Glenda ta san gaskiya ya faɗa. In ta tada ta sau uku kafin gobe, ko da saura wata kafar iska, mai ba zai samu lokacin janyewa ba, motar za ta tashi ko ta ƙi ko ta so. Alkawarin da ta ɗauka shi ne ta kai shi. Ta sa hannu a aljihu ta ji makullin. Ta sauka daga baranda, ta share ƙanƙarar da ke kan ƙofar motar, har ta kama mariƙin.

"Glenda."

Stefa ce a bakin ƙofa, ba ko mayafi.

"Shekara hamsin da shida yana magana ina yin abin da na ga dama. Wannan ɗayar dai a bi masa."

"Mama, in ta ƙi fa?"

"In ta ƙi, ga baƙar motarka nan, sai ya yi haƙuri. Ai ya san da wa ya bar aikin."

Glenda ta saki mariƙin. Ta duba wayar ɗumama injin, ta tabbatar tana jone, ta tafi ba shanunta ciyawa. Abincin kirki bai shiga cikinta ba ranar.

Juma'a gari ya waye da iska. Kafin ƙarfe tara motoci sun cika hanya tun daga ƙofar gona har kwalbati. Baƙar motar ta kawo akwatin gawar daga gari, direbanta ya koma gefe ya tsaya, bai kashe injinsa ba. An share bayan a-kori-kurar, an shimfiɗa bargon doki. Maza shida suka ɗaga akwatin suka zura shi, suka ɗaure da igiyar da ake ɗaure ciyawa. Limamin cocin ya yi addu'a gajeriya saboda sanyi. Daga nan kowa ya juyo yana kallon Glenda.

Ta zare wayar ta naɗe. Ta shiga. Stefa ta riga ta zauna a ɗaya kujerar, jaka a cinya, tana kallon gaba. Glenda ta murɗa makulli rabi, 'yar fitilar ɗumama ta kama, ta jira ta mutu. Ta cire ƙafarta daga kan totur, ta ajiye ta a ƙasa, ta murɗa.

Injin ya juya sau ɗaya, da nauyi. Ya juya na biyu. A na uku ya kama.

Ba ta motsa ba. Tashi ba shi ne magana ba, ta sha ganin ya tashi. Ta zuba wa allurar silo ido, tana jiran hawa da saukan nan, tana jiran karkarwar. Minti ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Allurar tana nan inda take kamar an kafa ta da ƙusa. Hayaƙin da ke bayan motar ya tsinke, ya koma siriri. Ta madubi ta hango wani tsoho ya cire hularsa a cikin wannan sanyin, ta ga Myron ya rufe fuska da hannu biyu.

"To, me kike jira?" in ji Stefa. "Ya yaba miki? Ba zai yaba ba. Mu je."

Glenda ta yi dariya, hawaye na zuba, ta sa giya.

A hankali suka tafi, motoci talatin da wani abu a bayansu. Ta bi ta gefen gonarsa ta arewa, inda karan alkama ke leƙowa daga cikin ƙanƙara, ta rage gudu har kamar za ta tsaya, sannan ta hau babbar hanya. Iska tana kwaso garin ƙanƙara daga gonaki tana watsawa a kan titi. A hawan da ke kusa da rafi ta ƙara mai kaɗan, motar ta haye ba ko tari. Can suka hango hasumiyar cocin.

A ƙofar maƙabarta ta tsaya, ta bar injin yana aiki, don ba mai kashe dizal a irin wannan sanyin. Mazan suka kunce igiya, suka sauke shi, suka ɗauka a kafaɗa. Myron ya zo ya kama hannun uwarsa. Jama'a suka bi su ta 'yar ƙofar ƙarfe, waƙar coci tana tashi iska tana yanke ta.

Glenda ta zagaya don ta rufe ƙofar baya. Garin ƙanƙara ya rufe bargon fari fat, sai wuri ɗaya a tsakiya, dogo, mai kusurwa huɗu, inda ba ko ɗigo. Ta tsaya da hannunta a kan ƙarfen, yana ɗan motsi da bugun injin, tana kallo har fari ya fara sauka a wurin.